Yatsu biyu da suka ƙi miƙewa: nazarin lamarin wani makanike a Jos

Majiyyacin dattijo ne mai shekara 63, mazaunin Gangare, wanda ya yi kusan shekara arba'in yana gyaran manyan motoci kafin ya bar wa 'ya'yansa garejin. Da hannun dama yake aiki. Ya zo asibiti da yatsu biyu na hannun dama, na zobe da ƙarami, sun lanƙwashe zuwa cikin tafi, ba sa miƙewa ko an sa ɗaya hannun an ja su. Da aka tambaye shi inda ke masa ciwo, sai ya ce: "Likita, ba zafi yake mini ba. In na zo wanke fuska a alwala, ƙaramin nan ne ke tsone mini ido. In na yi sujada kuma tafin ba ya sauka ƙasa, sai dai in dafa da gefe." Ɗansa da ya rako shi ya ƙara da cewa Baba ya daina miƙa hannu a gaisa a masallaci, don mutane kan ji yatsun a naɗe su tsaya suna kallo.

Abin ya faro ne shekara bakwai baya da wani ƙullutu mai tauri a tafi, daidai kan layin da ke ƙasan yatsan zobe. Ya ɗauka kantar sifana ce. Daga baya fatar wurin ta lotsa, sannan wani abu mai tauri ya miƙe daga ƙullutun ya nufi yatsa. A shekara biyun ƙarshe ne ƙaramin yatsa ya shiga ciki, kuma ya fi na zobe saurin tanƙwarewa. Ya shafa man zafi iri-iri. Wani mai ɗori ya taɓa ɗaure yatsan a jikin kara ya kwana da shi, da safe aka tarar fatar gindin yatsa ta tsage, yatsan kuwa yana nan yadda yake. Yana da ciwon suga shekara goma sha ɗaya, yana shan metformin da glibenclamide in ya tuna. Ya sha taba a ƙuruciya ya daina, ba ya shan giya, ba shi da farfaɗiya. Ya tuna mahaifinsa ma ya tsufa da ƙaramin yatsa a lanƙwashe.

Abin da ke jan yatsan

A ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wani tantani mai ƙarfi wanda ke riƙe fata kada ta riƙa zamewa in mutum ya damƙi abu. A wannan cuta tantanin ne ke yin kauri, ya fara da ƙullutu, ya zama igiya, igiyar ta riƙa ƙanƙancewa a hankali tana jawo yatsa. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa lafiyarta ƙalau, ƙashi ma haka. Shi ya sa tausa da man zafi da ɗauri ba sa komai. Ana kiranta cutar Dupuytren, da sunan likitan fiɗa ɗan Faransa Guillaume Dupuytren, wanda ya yi mata tiyata ya kuma yi bayaninta a Paris a 1831. Ta fi yawa a mutanen arewacin Turai, ta fi kama maza, galibi bayan shekara hamsin, kuma gado ne babban tushenta. Suga, giya, taba, wasu magungunan farfaɗiya da daɗewa ana aiki da injin mai girgiza hannu duk an danganta su da ita. Ba kasafai ake ganinta a baƙar fata ba, amma an sha samunta a Afirka, kuma wanda ya sa a ransa cewa cutar Turawa ce zai gan ta a gabansa ya kira ta da wani suna.

A masu suga takan zo da sauƙi, ta fi taɓa yatsan tsakiya da na zobe, ba ta cika naɗe yatsa sosai ba. Ta wannan dattijo ta wuce haka, wanda ke nuna gadon ya fi sugan ƙarfi a lamarinsa.

Abubuwan da aka kawar kafin a tsayar da magana

A ƙasar Hausa, in aka ga yatsan zobe da ƙarami sun naɗe, abin da ke fara faɗo wa mutane shi ne kuturta, kuma iyalin majiyyacin sun yi wannan raɗe-raɗin a gida. Bambancin a fili yake ga wanda ya duba. Kuturta jijiyar ji da motsi take lalatawa a gwiwar hannu, sai gaɓar gindin yatsa ta banƙare baya, gaɓoɓin gaba su lanƙwashe, naman da ke tsakanin ƙasusuwan bayan hannu ya zube, yatsan ya daina ji. A nan gaɓar gindin gaba ta lanƙwasa, nama bai zube ba, jijiyar gwiwar hannu ba ta yi kauri ba, babu tabo mai haske a jiki, kuma yana bambance tsini biyu a kan yatsa a tazarar milimita 5, wato jinsa daidai yake. An faɗa wa ɗan wannan a gaban mahaifinsa, da gangan, don maganar ta koma gida.

An duba yatsa mai maƙalewa, wanda shi ma ya yawaita a masu suga: shi yakan kulle ne ya kuma saki da ƙas, da zafi, ƙullutunsa na tafiya tare da jijiya. Na wannan majiyyaci a kafe yake a jikin fata. An duba tabon ƙuna, babu. An kuma duba naɗewar da ke biyo bayan ɗori mai tsanani a dantse ko sangalin hannu, inda tsoka ke mutuwa don rashin jini: a can in aka lanƙwasa wuyan hannu yatsu kan ɗan saki, a nan ko motsi ba su yi ba.

Awo

An sa shi ya kifa tafi a kan tebur. Bai kwanta ba, har ana iya zura yatsu biyu a ƙarƙashi. Wannan gwaji, wanda likitan fiɗa ɗan Ostireliya John Hueston ya yaɗa, shi ne mafi sauƙin hanyar gane cewa lokacin magana a kan tiyata ya yi. Da ma'aunin kusurwa aka samu: yatsan zobe, gaɓar gindi digiri 50, ta tsakiya a miƙe, ƙaramin yatsa, gaɓar gindi digiri 35, ta tsakiya digiri 60. A ma'aunin Tubiana, wanda ke haɗa lanƙwasar gaɓoɓin yatsa ya kasa ta hawa huɗu a kan digiri 45-45, na zobe yana hawa na biyu, ƙarami mai jimillar 95 yana na uku. Hannun hagu akwai ƙullutu ɗaya, yatsu a miƙe. Babu kauri a bayan gaɓoɓi, babu ƙullutu a tafin ƙafa. Hoton ƙashi ya nuna gaɓar tsakiyar ƙaramin yatsa ba ta cinye ba.

Cikin waɗannan alƙaluma, digiri 60 ɗin nan ne abin damuwa, kuma a nan gizo ke saƙar. Gaɓar gindin yatsa tana da haƙuri: ko ta shekara goma a lanƙwashe, da zarar an cire igiyar sai ta miƙe, domin maɗauran gefenta a miƙe suke zama in tana lanƙwashe, ba sa gajarcewa. Gaɓar tsakiya ba haka take ba. In ta daɗe a naɗe, maɗauranta na gaba da na gefe sukan gajarce, kubensu ya ƙanƙance, jijiyar da ke miƙar da ita ta baya kuma ta saki don daɗewa a ja. Sai ka cire igiyar tsaf amma gaɓar ta ƙi bi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙa'idar da aka saba bi ta bambanta: ana jiran gaɓar gindi ta kai wajen digiri 30 kafin a taɓa ta, amma ta tsakiya da ta fara lanƙwasa tana ci gaba, ba a ɓata lokaci. Da wannan dattijo ya zo shekara biyu baya, da aikin ƙaramin yatsa ya zo da sauƙi ƙwarai.

Zaɓi da shiri

An shimfiɗa masa hanyoyin. Akwai tsinka igiyar da bakin allura ta cikin fata, ba tare da yanka ba. Aikin mintoci ne, mutum ya koma harkarsa cikin kwanaki, amma igiyar tana nan an dai katse ta ne. Wani bincike da aka yi a Holan aka buga a 2012 ya nuna cewa cikin shekara biyar lanƙwasar ta dawo a kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allura, sannan kusan kashi 21 na waɗanda aka yanke wa igiyar. Allurar ta fi dacewa da igiya ɗaya fitacciya a tafi mai jan gaɓar gindi. A cikin yatsa, inda jijiyar ji ke manne da igiya, aiki ne a makance. Akwai allurar kolajenes mai narkar da igiya, wadda Amurka ta amince da ita a 2010, amma tana da tsada kuma an janye ta daga kasuwar Turai a 2020, don haka ba ta shiga lissafi ba. Akwai cire igiya haɗe da fatar da ke kanta a yi dashen fata, wanda aka fi ajiye wa cutar da ta dawo ko matashin da tasa ta zo da zafi. Aka tsaya a kan buɗe hannu a cire tantanin da ya lalace kaɗai.

An gaya masa abu uku ba ɓoye-ɓoye: na zobe zai miƙe, ƙarami ba lalle ya miƙe duka ba, kuma tiyata ba ta kashe cutar, tana iya dawowa. Ya ce, "To, in dai tafin zai taɓa ƙasa, Alhamdu lillahi."

Sai dai gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, ya fito 9.8. Wannan ba aikin gaggawa ba ne, kuma fatar tafin da aka ɗaga ta yi siriri ba ta jure suga mai yawa: bakin rauni ya mutu, mugunya ta shiga. Aka ɗage, aka mayar da shi asibitin masu suga, aka gyara magani da abinci. Bayan wata uku ya dawo da 7.4.

Aikin

An kashe hannun da allura a hammata, majiyyaci idonsa biyu. An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya ta jijiya saboda sugan. An ɗaga hannun jini ya sauka, aka hura maɗaurin dantse mai tare jini zuwa matsin 250 mmHg, aka rubuta lokaci, don ba a son ya wuce awa biyu. Ba a yin wannan aiki cikin jini, kuma ba a yinsa sai da tabarau mai ƙara girma, domin jijiyar jin yatsa kaurinta bai wuce milimita biyu ba.

A yatsan zobe an yi yanka mai zikzak daga tsakiyar tafi zuwa gindin yatsa. Dalilin zikzak ɗin shi ne tabon da ya ratsa layin gaɓa a miƙe yakan ƙanƙance ya zama sabuwar igiya. A ƙaramin yatsa, inda fata ta gajarce, an yi yanka miƙaƙƙe da niyyar karya shi daga baya. An ɗaga fata da wuƙa mai lamba 15, a hankali. Wurin ƙullutu ne mafi wuya, don babu kitse tsakanin fata da cutar. In ka yi sama ka huda fata, in ka yi ƙasa ka bar cuta.

Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce: a nemo jijiyar ji da jijiyar jini a tafi, inda suke wurinsu na asali, a bi su taki-taki zuwa cikin yatsa, kada a yanke komai sai ana ganinsu. A na zobe igiyar miƙaƙƙiya ce a saman jijiyar lanƙwasa, jijiyoyin na gefe suna inda aka san su. Aka katse ta daga sama, aka ɗago ta, gaɓar ta miƙe nan take zuwa sifili.

Ƙaramin yatsa ya ci kusan kashi biyu cikin uku na lokacin. Igiya biyu ce. Ɗaya ta taso daga jijiyar tsokar gefen tafi, ta bi gefen waje. Ɗayar irin mai murɗawa ce, wadda ke bi ta ƙarƙashin jijiyar ji ta ɓullo ta gefenta sannan ta hau samanta. Yayin da irin wannan igiya ke ƙanƙancewa tana miƙewa, sai jijiyar ce ke komawa tana nannaɗe ta kamar yaɗon wake a jikin karan dawa. Sakamakon haka jijiyar kan baro gefe ta dawo tsakiyar yatsa, daf da fata, daidai inda wuƙa za ta bi. A nan aka same ta, ƙasa da fatar gindin yatsa kaɗan. Mafi yawan jijiyoyin da ake yankewa a wannan tiyata a irin wannan wuri ne. Aka zagaye ta da siririyar roba, aka ware ta, aka cire igiyar gunduwa-gunduwa maimakon a fizgo ta gaba ɗaya.

Gaɓar gindi ta miƙe. Ta tsakiya ta sauko daga 60 zuwa 30, da lallaɓawa ta kai 20, ta tsaya. Ana iya shiga cikin gaɓar a saki maɗauranta don a ga yatsa miƙe sambal a kan tebur, amma ribar ba ta cika ɗorewa ba, kuma sau da yawa mutum kan biya da rasa dunƙule hannu. Ga makanike, yatsan da ya rage digiri 20 bai miƙe ba amma yana riƙe sifana ya fi miƙaƙƙen da ba ya lanƙwasa. Aka bar gaɓar.

An saki maɗaurin dantse a minti 84. Yatsu huɗu suka yi ja, ƙarami ya tsaya fari fat. Jijiyar jinin da ta shekara biyu a gajarce, in aka miƙar da ita farat ɗaya, takan tsuke, balle a hannun mai suga da ya taɓa shan taba, a ɗakin tiyata mai sanyi. Matakan a jere suke: a mayar da yatsa yadda yake a lanƙwashe, a lulluɓe shi da auduga mai ruwan gishiri mai ɗumi, a ɗiga maganin kashe zafi lignocaine a kan jijiyar don ta saki, a sauke hannun, a jira minti goma ana kallon agogo ba a taɓa komai. In bai dawo ba, a bi jijiyoyin biyu a nemi inda aka ji musu, a ɗinke. A nan, wajen minti na bakwai kan yatsan ya fara yin ja, da aka danna farce jini ya koma cikin daƙiƙa biyu. An sake miƙar da shi sannu-sannu, ya riƙe launinsa a digiri 25, don haka a nan aka tsayar da shi.

An tsayar da duk wani ɗigon jini kafin rufewa, domin jinin da ya taru ƙarƙashin fata shi ke kashe ta. Miƙaƙƙen yankan ƙaramin yatsa an karya shi da yanka mai siffar Z a wuri biyu. In kusurwar Z ɗin ta kai digiri 60, a lissafi tsawon kan ƙaru da kashi 75 cikin ɗari, a fatar gaske bai kai haka ba. An ɗinke da zaren nailan 4/0 ba tare da ja ba, aka sa filastar ɗori ta gaba, kan yatsu a waje don a riƙa dubawa.

Bayan tiyata

An sallame shi washegari da umarnin ɗaga hannu sama da ƙirji na kwana uku, ya riƙa motsa kafaɗa da gwiwar hannu da babban yatsa. Aikin ya faɗo a Disamba, lokacin da sanyin Jos ke kan ganiyarsa, kuma gefen ƙaramin yatsa ba ya ji saboda jan da jijiyar ta sha. Aka ja wa ɗan kunne: "Kada Baba ya kanga hannun nan a kaskon wuta, kada kuma a gasa masa da ruwan zafi. Zai ƙone bai sani ba. A sa masa safa mai kauri a kan bandejin." Batun alwala kuwa, an nuna masa kada ruwa ya taɓa raunin, ya tambayi malaminsa hukuncin shafa a kan ɗauri.

A kwana na biyar aka cire filasta, aka rage bandeji, aka tura shi sashen gashin ƙashi: dunƙule hannu da buɗewa sau goma a kowace awa biyu yana farke, da lanƙwasa kowace gaɓa ita kaɗai. An yi masa abin tallafe yatsa na roba don dare kawai. Bincike bai nuna cewa kowa na buƙatar wannan ba, amma ga gaɓar tsakiyar da aka baro da saura, yana da dalili. Zare ya fita a kwana na 14. Tsinin fata ɗaya a gindin ƙaramin yatsa, kamar milimita 4, ya yi baƙi. Ba a sake ɗinki ba, wanki da sauya bandeji kawai, ya cike a mako na huɗu.

Matsalar da ta fi wannan ita ce ta mako na uku. Don tsoron kada raunin ya buɗe, ya daina motsa hannun, kuma yana kwana yana wuni da robar. Ya dawo da yatsu a miƙe, kumbure, kan yatsa ya rage santimita 4 ya taɓa tafi. Wannan shi ne yadda tiyata mai kyau ke lalacewa: an ba mutum miƙewa an karɓe masa damƙa. An duba ko ciwon nan ne mai ƙuna da zufa da sauyin launi wanda kan biyo bayan aikin hannu, ba shi ba ne. Aka karɓe robar da rana, aka naɗe yatsu da bandeji mai matsewa don kumburi, aka mayar da gashi sau uku a mako, aka ce ya koma cin tuwo da hannunsa da zarar raunin ya rufe, ya riƙa murza tabon da man kaɗanya minti biyar sau uku a rana. A mako na takwas yana dunƙule hannu har farce ya taɓa tafi.

Jin gefen ƙaramin yatsa ya dawo a wata na uku. A wata na shida, na zobe sifili, gaɓar gindin ƙarami sifili, ta tsakiya digiri 25. Bayan shekara ta koma 30, babu sabuwar igiya da ake ji, wanda ke nuna saken jijiyar baya ne ba dawowar cuta ba. Tafin na kwanciya a tebur in ban da ɗan tudun ƙaramin yatsa.

A wannan zuwa ne aka ga ƙullutun hagu ya zama igiya, gaɓar gindin yatsan zobe ta kai digiri 15, ta tsakiya a miƙe. Ba a taɓa shi ba, don yanka ƙullutu ko igiyar da ba ta hana aiki ba yakan iya tayar da cutar. An ba shi awo duk wata shida, da sharaɗin ya dawo kafin lokacin in tafin hagu ya daina kwanciya a tebur ko gaɓar tsakiya ta fara lanƙwasa. In igiyar ta tsaya a tafi ita kaɗai har ta kai digiri 30, wannan karon tsinkawa da allura na cikin abin da za a fara ba shi.